Abin da na gani cikin kayen Baba

A fadarmu ta bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, can Harobanda, akwai wata gardama da ta ƙi tsufa. Da an aza butar shayi bisa gawayi, an gama zancen ƙwallo da na kuɗin tallafi da ba su fito ba, sai a faɗa cikinta. Mutum biyu ke jan ta. Guda muna ce mashi Sankara, don ko sannu ka yi mashi sai ya samu hanyar sako Bankin Duniya. Gudan kuma Dangote, ba don ya aje ko dala ba, sai don ya rantse ba zai yi aikin gwamnati ba ko za a yanka shi, kuma tun shekararmu ta farko yake saida turare da cajar waya a ɗakinshi.

Sankara cewa yake jari-hujja ce ta tsotse ƙasar nan. Yakan lissafo tsarin tsuke bakin aljihu da FMI da Bankin Duniya suka kawo a shekarun 1980, da ɗalibai uku da aka harbe ranar 9 ga Fabrairun 1990 a gadar Kennedy, wadda muke bi kullum in za mu shiga gari, da karya darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari kuɗin kowa ya ragu da rabi a gaban kuɗin Faransa. Maganinshi guda ne: gwamnati ta riƙe komi, ta yanka ma kowane kaya farashi, wanda ya ƙetare a ɗaure shi. Dangote kuwa dariya yake yi. Ya ce gwamnatin da ba ta iya biyanmu kan lokaci, ita ce za ta auna ma mutum miliyan 20 da wani abu hatsi? A bar kowa ya nemi na kanshi, in ji shi, kasuwa ta fi minista sanin kuɗin tiya.

Ni dai aikina zuba shayi. Ina jin su, in yi dariya inda ake dariya. Har wani dare da Sankara ya yi zafi, ya ce: “Ku bar batun hwara da rishin ruwa. Ƴan kasuwar Maraɗi ne sunka kashe yara a 2005. Sun kulle hatsi cikin mangaza, mutane na mutuwa bakin ƙohwa.” Yana faɗi sai ya tuna ko ni ɗan waye. Ya ce in yi haƙuri, ba da ni yake ba. Na ce ba komi, na miƙa mashi kofi. Amma ban yi barci ba daren nan, don akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba, kuma ya fi abin da ya faɗa nauyi.

Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Maraɗi. Ba ya cikin manyan alhazan da ake jin sunansu har Kano, amma yana da mangaza biyu da yara masu zaga mashi kasuwannin ƙauye. Sana'ar ba ta da wani sirri. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, yaran su bi kasuwanni da buhuna da tiya, suna saye kaɗan-kaɗan hannun manoma da matansu. Tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. A tara, a ɗinke, a loda ma kamyo, a jibge a mangaza. Sai a jira. Idan damina ta faɗi, rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, mutane na noma da yunwa, farashi ya tashi, sai a buɗe. Wani lokaci a saida nan gida, wani lokaci a bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya, in an ji kasuwar Dawanau ta Kano ta fi tsoka. Da wannan jiran aka ciyar da mu, aka yi mana sutura, aka kai ni lekol.

Baba ya riski zamanin da gwamnati ke riƙe da kasuwa, kuma ba ya kewar shi. Yana yaro ana saida gujiya ta hannun SONARA. OPVN, wadda aka kafa a 1970, ita ke da hurumin cinikin cimaka a takarda. Yakan ba mu labarin yadda gwamnati ke faɗin kuɗin da za ta sayi hatsi, manomi ya ga bai kai ba, ya ce bai samu komi ba bana, da dare kuma a ɗaura ma jakkai a ƙetare iyaka. Yakan tuna mana cewa lokacin babban farin shekarun 1970 gwamnati ce ke riƙe da taimakon abinci, kuma zargin karkatar da taimakon nan na cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974. Daga baya, cikin shekarun 1980, aka sakar ma ƴan kasuwa mara, aka bar ma OPVN ajiyar ko-ta-kwana. A bakin Baba, ranar ce aka ba shi ƴanci. Da Dangote zai zauna da shi, da sun kwana suna gyaɗa ma juna kai.

To, ga 2005. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a arewa. Amma giɓin da aka lissafa bai wuce tan dubu 223 ba, abin da bai kai kashi 10 cikin 100 na bukatar ƙasa ba. An sha ganin shekarar da ta fi wannan muni. Abin da ya bambanta shi ne farashi. Hatsi ya yi tsada a Najeriya ma, don haka maimakon ya shigo kamar yadda aka saba, sai namu ya riƙa fita. Maƙwabta na yamma kuma suka tsuke fitar da nasu. Buhun da aka saya wajen jika 10 da kaka ya kai jika 30 a watan Yuli. Tiyar dala 50 ta koma dala 150. Dabbobi kuwa suka faɗi warwas, mai akuya ya kai ta kasuwa ya dawo da abin da bai kai mako ba.

A farkon shekarar nan ce kuma gwamnati ta aza harajin TVA na kashi 19 cikin 100 bisa kayan masarufi irin su madara da sukari da fulawa, har mutane suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Maris, aka rufe kasuwanni a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, kafin ta ja da baya. Wajen yunwa kuwa, abin da aka fara yi shi ne saida hatsi da rahusa, buhu jika 10. An yi ta jan ƙafa wajen rabon kyauta, don gwamnati da masu ba ta tallafi na tsoron kada a ɓata kasuwa. Sai da hotunan yaran Maraɗi suka zaga duniya sannan aka fara rabo, damina ta riga ta yi nisa. Shugaba Tandja Mamadu ya ce ba yunwa a ƙasar. Ƙungiyar likitoci ta MSF kuwa ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a shekarar, akasarinsu a jihar Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasa.

Duk wannan daga baya na karanta shi. Abin da na gani da idona kaɗan ne, shekarata bakwai. Na tuna wani dare da ruwa ya tsaya, Kawu, ƙanen Inna, ya shigo gidanmu daga ƙauyensu na wajen Mayahi, matarshi na biye da goyo. Da aka sauke yarinyar na ga gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura. Ba ta kuka. Inna ta dama koko, ta ƙi karɓa. Aka ce da safe za a kai ta inda ake jinyar masu tamowa. Kafin kiran asuba na ji Inna na salati. Na tuna matar Kawu na ba Inna labarin anza da suke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, da tafasa da suke ci gaya. Na kuma tuna cewa bayan gidanmu, taku kaɗan, mangazar Baba ce, kuma na san a cike take, don nan muke ɓuya in muna wasa. Yaro ba ya haɗa irin waɗannan abubuwa biyu. Ni ma ban haɗa ba sai bara.

Bara da hutu, Baba ya kira ni ya ce idonshi ya fara rauni, in kwashe mashi basussukan da ke cikin tsofaffin kayenshi in sa a kwamfuta. Da ajami yake rubutu, lambobi kuma da boko. Kaye goma sha wani abu ne, ɗaure da tsumma, duk sun sha ƙura. Na yi kwana uku ina kwafa, suna, gari, buhu, kuɗi, an biya ko ba a biya ba. A rana ta uku na iso kayen 2004 da 2005, na ci karo da sunan Kawu sau uku.

Na farko, Nuwamba 2004: an saya hannunshi buhu 3, jika 11 kowane, jika 33 ke nan. Na biyu, Yuli 2005: ya karɓi buhu 2 bashi, jika 30 kowane, jika 60. Na uku, bayan kakar 2006: bai biya ba, ya ba da gonarshi ta bakin fadama jingina. Wato hatsin da ya noma da hannunshi, ya saida uku, ya dawo ya karɓi biyu, ya tashi da bashin da ya kusa ninka abin da aka ba shi tun farko, gona kuma ta tafi. Da na juya shafi, cikin abubuwan da aka kashe a Oktoban 2005, sai ga sunana: kuɗin shiga lekol mai zaman kanta, jika 50. Shekarar ce aka cire ni daga ta gwamnati, inda muke fin ɗari a aji, aka kai ni inda na koyi karatun da ya kawo ni jami'a.

Na rufe kayen na fita. Na yi ta tafiya har na kusa Gulbi, ban san inda za ni ba. Sai bayan isha na samu Baba a zaure shi kaɗai, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na aje kayen a gabanshi a buɗe.

Ya ce, “Mi ka gani?”

Na ce, “Baba, sunan Kawu na gani.”

Ya yi shiru. Na zaci zai yi faɗa, don a gidanmu ba a tambayar Baba dalili. Sai ya ce in zamna.

“Ɗan lekol, bari in tambaye ka. Ranar da kawunka ya kawo hatsin nan kasuwa, ni na aika a kira shi? Lanho ake bin shi, ga bashin da ya ci da damina, ga suna. In ban saya ba, wa zai saya? Gwamnati ta zo da kuɗi ranar? Jika 11 na ba shi, ana saye goma da rabi. Na biya buhu, na biya kamyo, na biya masu tare hanya tun daga can har nan, wata takwas kuɗina na kwance. Ka duba kayen wasu shekarun, ka ga inda na saya 14 na saida 12. Wa ya zo ya yi mini jaje?”

Na ce, “Amma Baba, jika 30, ga ɗan'uwa?”

“Ni na yanka jika 30? Kano ta yanka. Da na buɗe mangaza na ce jika 10, kana tsammanin talakawa za su samu? Kahin azahar maƙwabcina ya aiko yaranshi sun kwashe, da dare shina Jibiya. Hatsin rahusar ma da aka kawo, ina ka ga ya ƙare? Na ga buhunan da idona cikin kasuwa, an sake masu ɗinki. Kuma akwai abin da ba ka gani ba cikin kaye, don ba a rubuta sadaka. Tambayi innarka buhu nawa sunka tahi ƙauyensu kyauta bayan rasuwar nan.”

Na ce, “Bayan rasuwar.”

Wannan kalma ita kaɗai na faɗa da ta taɓa shi. Ya daɗe bai ce komi ba. Daga baya ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, Kawu bai faɗa ma kowa halin da suke ciki ba sai da abu ya ɓaci, kunyar surukuta ta hana shi, shi kuma bai tambaya ba. “Ban tambaya ba,” ya sake faɗi. “Wannan kam nawa ne.”

Tun daga daren nan nake juya maganar. Na koma ga abin da aka koya mana a aji, na ga ashe gardamar fadarmu ta girme mu duka. Adam Smith, a littafinshi na 1776, ya kare ɗan kasuwar hatsi da kusan hujjar Baba: mai saye lokacin araha ya aje, shi ke sa a ci da tattali har abincin ya kai ƙarshen shekara. Akwai gaskiya a ciki. Ba don masu ajiya ba, da hatsin kaka ya watse ko ya ƙetare iyaka tun Disamba, da Yuli kuma ko da kuɗinka ba ka samu. Amartya Sen kuwa, wanda ya ga yunwar Bengal ta 1943 yana yaro, ya nuna cewa mutane na iya mutuwa da yunwa abinci na jibge a kasuwa, in abin da ke hannunsu, ƙwadago ne ko akuya, ya daina isa ya saye shi. Maraɗin 2005 ke nan ba ragi. Ko a wajen malamanmu na zaure maganar na da fuska biyu. An ruwaito cewa an nemi Annabi (SAW) ya yanka farashi a Madina lokacin tsada bai yi ba, an kuma ruwaito hani mai tsanani ga mai ɓoye abinci don ya yi tsada mutane na cikin bukata. Malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna inda halattacciyar ajiya ta ƙare, inda ɓoyo ya fara, da lokacin da hukuma ke da ikon tilasta ma mai kaya ya fitar.

Abin da kayen Baba ya koya mini shi ne in riƙa tambaya, duk lokacin da aka ce ƴancin kasuwa, ƴancin wa ake nufi. A Nuwamban 2004 mutum biyu suka haɗu a kasuwa, ba wanda ya sa ma wani wuƙa a wuya. A takarda duka biyun ƴantattu ne. Amma guda na iya cewa “ban saya yau, sai wani mako”, gudan ba ya iya cewa “ban saida yau”. A Yulin 2005 suka sake haɗuwa, guda na iya cewa “ban saida yau”, gudan ba ya iya cewa “ban saya yau”, don yara na gida. Sau biyu, mai iya jira shi ne Baba. Ribar da ta kai ni lekol, in ka tone ta, kuɗin jira ce, kuma wanda ba ya iya jira shi ya biya. Mutanen ƙauye sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke kiran bashin da ake ci da damina a biya da dame da kaka “a ci ba daɗi”.

Wannan ne ya sa ban iya bin Dangote har ƙarshe. In an ce a bar kasuwa ta yi aikinta, to a 2005 ta yi aikinta sarai: ta kai hatsi inda kuɗi yake. Ba a gina ta don ta san akwai ƴar yaye a wani ƙauyen Mayahi ba. Waɗanda suka jinkirta rabon abinci don kada farashi ya lalace sun tsare kasuwa, yara kuma suka biya. Kuma rahusar jika 10 ba ta da amfani ga wanda ko jika guda ba ya da ita.

Amma ban iya bin Sankara ba shi ma. In gobe aka yi doka cewa tiya dala 50 ce ko ana ha-maza-ha-mata, na san abin da zai faru, don a gidan na tashi. Hatsi zai ɓace daga rumfuna, ya koma saidawa ta bayan gida da tsadar da ta fi ta da. Iyakarmu da Najeriya ta fi kilomita 1,400, ba sojan da zai tsare ta daga jaki da babur. Wanda aka ba ikon kama masu ɓoyo kuma, shi ne zai fara karɓar na goro. Manomin da aka danne ma farashi, baɗi sai ya rage hatsi ya shuka abin da ba a sa ma ido. Ɗaure Baba ba zai ƙara ko tiya guda a rumbun Kawu ba. Kuma in za a yi adalci, yarinyar nan ba tsadar hatsi kaɗai ta kashe ta ba. Akwai zazzaɓin damina, akwai kuɗin likita da ake biya a lokacin kafin a duba yaro, akwai nisan hanya. Waɗannan ba ɗan kasuwa ya aza su ba.

Inda nake ganin aikin hukuma yake, shi ne ta sa Kawu ma ya iya jira. Ba sabon abu ba ne, an gwada a ƙasar nan. Akwai tsarin warantaji da aka fara tun ƙarshen shekarun 1990, inda manoma ke haɗa amfaninsu a mangazar ƙungiya, a sa kwaɗo biyu, su karɓi bashi a kanshi su biya bukatun kaka, in farashi ya tashi su saida da kansu ko su ci abinsu. Da Kawu ya samu wannan a 2004, buhunanshi uku na nan suna jiran shi a Yuli. Akwai bankunan cimaka na ƙauyuka, waɗanda suka yi aiki inda aka riƙe amana, suka mutu inda kwamiti ya cinye. Akwai faɗin farashin kasuwanni a rediyo, da wayar salula, wadda binciken Jenny Aker a kasuwannin hatsin Nijar ya nuna ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Akwai ajiyar ƙasa, wadda in tana da yawa kuma an fito da ita da wuri, mai mangaza da kanshi zai buɗe don tsoron kada farashi ya karye a kanshi, ba sai an aika jandarma ba. Annabi Yusuf bai hana ciniki a Masar ba, rumbu ya cika tun shekarun ƙoshi. Sannan akwai ranar da dole a ce ciniki ya tsaya nan, wannan yaron a ba shi kyauta. A 2006 aka yi dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar ba da kuɗi ba. Ko da yake aiwatar da ita na tangal-tangal, da ta zo shekara guda kafin nan, wataƙila da matar Kawu ba ta tsaya lissafin kuɗin likita ba har ƙafafu su kumbura.

Duk waɗannan ayyuka ne masu gajiyarwa, ba su da daɗin faɗi a taron ɗalibai. Suna bukatar ma'aikacin da zai riƙe makullin mangaza bai saida rabi ba, da ɗan ƙungiyar da zai rubuta gaskiya a kaye. Mu da ke jami'a yau, mu ne gobe za a miƙa ma makullan nan. Shi ya sa gardamar ta daina ba ni dariya.

Kafin in koma Yamai na sake samun Baba. Na ce ina roƙon arziki, a maida ma Kawu gonarshi. Shekara da shekaru ke nan yaran Baba ke noma ta, an ci abin da ya fi jika 60 nesa ba kusa ba. Ya dube ni ya ce: “Bashi bashi ne, ban goge abin da na rubuta. In na goge nashi, gobe mutum talatin na bakin ƙohwa. Amma ba dole shi ya biya ba. Kai da ka ce kuɗin sun tahi ga karatunka, kawo jika 60 daga guminka, ba daga aljihun innarka ba, in sa hannu a gaban mai gari.”

Na fita ina jin haushi. Na ɗauka taurin kai ne kawai irin na ɗan kasuwa. Sai a mota, wajen Dogon Dutsi, na gane ya yi mini abin da ban zata ba. Na zo da niyyar in aza mashi laifi in tafi da hannuna wanke, shi kuma ya nuna mini cewa sunana na cikin kayen, shafi guda da na Kawu.

Da na dawo fada na ba su labarin duka, har da jika 50. Sankara ya ce wannan ya tabbatar da maganarshi. Dangote ma ya ce ta tabbatar da tashi. Suka ci gaba daga inda suka tsaya. Amma da aka watse, Dangote ya bi ni har ƙofar ɗaki ya ce akwai wasu yara biyu a unguwar Yantala da ubansu ke neman mai koya masu lissafi da yamma, jika 10 a wata, in ina so. Sankara kuma ya ara mini kekenshi don kada kuɗin su ƙare a taksi.

Wata huɗu ke nan ina zuwa. Na tara jika 34, suna cikin ambulan a ƙasan akwatina. Ina so in cika kafin ruwan farko, don Kawu ya samu shuka gonar bana. Ban faɗa mashi ba tukuna. Inna ta ce in bari sai takarda ta fito, kada a sa ma tsoho rai.